Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Canal & River Trust: A Ɗauki Tarihin Boat Inn Daga Bakin Masu Gidan

Zuwa ga shugabanni da amintattun hukumar Canal & River Trust,

Ina gaishe ku da aiki, tare da fatan kuna lafiya.

Tun shekarar 2012 da aka karɓi kula da hanyoyin ruwa na Ingila da Wales daga hannun British Waterways aka damƙa muku, kuke riƙe da kusan mil 2,000 na haƙaƙƙun hanyoyin ruwa da koguna, da ƙofofin ruwa (inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi idan hanyar ta hau tudu ko ta gangara) da gadoji da madatsai, waɗanda da yawansu sun haura shekara 200 da ginawa. Kaya ne mai nauyi. A watan Yulin 2023 kuma gwamnati ta sanar cewa daga 2027 za ta riƙa rage tallafin da take ba ku, ragin da ku da kanku kuka ƙiyasta zai wuce fam miliyan 300 cikin shekara goma. Idan kuɗi suka yi ƙaranci dole a yi zaɓe, kuma na san abin da zai zo gaba: gyaran madatsai da bangayen ruwa. Wanda ya tuna yadda aka kwashe mutanen garin Whaley Bridge daga gidajensu a watan Agustan 2019, lokacin da bangon madatsar Toddbrook ya fara zaizayewa, ba zai yi jayayya da wannan zaɓe ba. Ni ma ba na yi.

Roƙona ɗan ƙarami ne idan aka gwada shi da waɗannan ayyuka, amma yana da wa'adi. Ina so ku sa mutanenku su zauna da iyalan da suka daɗe suna riƙe da mashayun bakin ruwa, wato gidajen giya da ke gefen hanyoyin ruwa, su naɗi abin da suka sani tun masu faɗa suna raye. Ku fara da gidan da ke kallon gidan tarihinku na ƙauyen Stoke Bruerne a lardin Northamptonshire.

Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidan tarihin ya dubi tsallaken ruwa zai ga wani tsohon ginin dutse mai rufin ciyawa, dab da ƙofar ruwa ta sama. Shi ne Boat Inn. Iyalin Woodward ne ke riƙe da shi tun 1877, daga kakanni zuwa jikoki. Ku lissafa hannuwa nawa ruwan da ke ƙofarsu ya bi a wannan tsakani. Da suka shiga gidan, hanyar ta kamfanin Grand Junction ce. A 1929 ta koma ƙarƙashin Grand Union. A 1948 gwamnati ta mayar da ita tata. A 1963 aka ba hukumar British Waterways, a 2012 aka ba ku. Masu ruwa sun canza sau huɗu, masu gidan suna nan inda suke. A duk tsawon wannan hanya da wuya a sami wani ofishi ko ma'aikaci da ya ga abin da wannan iyali suka gani daga taga guda.

Bari in faɗi matsayina don kada a yi mini wata fahimta. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ba tallarta ta kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne aikin da irin waɗannan gidaje suka yi wa mutanen da ba su da gida a tudu. Mu Hausawa mun san wannan aiki tun zamanin fatauci. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gonja sayen goro ba sa sauka a ko'ina sai wurin mai masaukinsu a zango. Shi ke ba su ɗaki, ya nuna inda za a ɗaure jakuna, ya ajiye musu kaya, ya riƙe saƙon wanda ya wuce ya ba wanda ke tafe, kuma idan rigima ta tashi tsakaninsu da mutanen gari shi ke tsaya musu. Ɗansa ya gaje shi, 'ya'yan fataken kuma su ci gaba da sauka a gidan. Mai neman labarin fatauci na gaske a bakin zuriyar masu masauki zai same shi, domin su suka ga kowane ayari. Mashayar bakin ruwa a Ingila haka take ga matuƙan jiragen dakon kaya. A nan ake samun bargar da dokin da ke jan jirgi zai kwana, a nan ake barin saƙo, a nan ake jin wane kamfani ke neman matuƙi, wa ya haihu, wa ya rasu, wace ƙofar ruwa ce ta lalace a gaba.

Stoke Bruerne ƙauyen manoma ne kafin ruwa ya zo ya raba shi biyu. A 1793 majalisa ta amince a haƙa hanyar Grand Junction daga Braunston zuwa Brentford a bakin kogin Thames, don rage nisan da ke tsakanin Landan da garuruwan masana'antu na tsakiyar ƙasa. Injiniya William Jessop da James Barnes ne suka ja ragamar aikin. Komai ya tafi daidai sai da aka iso tudun Blisworth. Haƙar farko ta ƙarƙashin tudun ta ci tura saboda ruwa da rairayi da suka riƙa cika ramin, har aka yi watsi da ita. Daga 1800 zuwa 1805 sai dai a sauke kaya daga jirgi, a ɗora a kan kekuna da dawakai ke ja a bisa dogo, a haye tudun, a sake lodawa a wani jirgin. Wannan ya tara 'yan dako da masu dawakai da leburori a ƙauyen. A watan Maris na 1805 aka buɗe kogon Blisworth, mai tsawon kusan kilomita 2.8, hanya ta haɗe.

Kogon ba shi da turbar da doki zai bi. Idan jirgi ya iso bakinsa sai a kwance dokin a haye da shi ta kan tudu, jirgin kuma mutane su tura shi da ƙafa. Mutum biyu ke kwanciya rigingine a kan katako a goshin jirgin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su riƙa taka bangon kogon suna tafiya da shi a cikin duhu, ruwa na ɗiga musu daga sama, ga kaya tan ashirin da wani abu a bayansu. Wasu mazan ƙauyen sana'arsu ke nan. A 1827 kamfanin ya yi musu rajista ya ba su kambun tagulla su ɗaura a damtse, domin matuƙa sun yi ta kukan ana tilasta musu ɗaukar masu turin da ba su nema ba. A 1871 aka kawo jiragen tururi masu jan sauran jirage ta cikin kogon, sana'ar turin ƙafa ta mutu. Shekara shida bayan haka iyalin Woodward suka karɓi Boat Inn. Ke nan mutanen da suka ci abinci da tafin ƙafarsu a cikin wancan duhu suna nan a ƙauyen lokacin da sababbin masu gidan suka fara buɗe ƙofa.

Shekarar 1877 tana da wani tarihin a kan ruwa, kuma a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. A shekarar ce majalisa ta zartar da dokar farko ta jiragen da mutane ke zaune a cikinsu, bayan fafutukar George Smith na garin Coalville, wanda yanayin rayuwar yaran matuƙa ya tayar wa hankali. Asalin matsalar jirgin ƙasa ne. Tun da aka buɗe layin dogo daga Landan zuwa Birmingham a 1838, wanda ya bi ta Roade, ɗan nesa kaɗan da Stoke Bruerne, kuɗin dako a ruwa ya riƙa faɗuwa. Matuƙi da yawa ya kasa biyan hayar gida a tudu da kuma ladan yaron jirgi, sai ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka dawo cikin jirgin, su ne ma'aikatansa. Ɗakin da ke bayan jirgin bai fi mita uku a tsawo da biyu a faɗi ba. A ciki ake girki, a ciki ake kwana, a ciki ake haihuwa. Dokar 1877 da gyaran da aka yi mata a 1884 sun ce a yi wa jirage rajista, a ƙayyade yawan masu kwana a ciki, a kuma sa yara makaranta. Amma yaron da ya kwana a Braunston yau, jibi yana kusa da Landan, wace makaranta zai zauna? Haka yawancinsu suka tashi ba karatu ba rubutu, har cikin ƙarni na ashirin.

Mutanen da ba sa rubutu ba sa barin wasiƙu. Abin da ke cikin ma'ajiyar takardunku ta Ellesmere Port da ta lardi a Northampton, galibi abin da wasu suka rubuta a kansu ne: magatakardan kamfani da ke auna nauyin kaya, sufeton tsafta da ke ƙirga kawuna a ɗakin jirgi, mai ƙidayar jama'a, alƙalin da aka kai wa wanda ya yi faɗa. Duk waɗannan takardu suna da amfani, amma ido ne daga waje, kuma sau da yawa ido ne na raini, domin mutanen tudu ba su ɗauki matuƙa a bakin komai ba. Su kuwa matuƙan a tsakaninsu suke aure, da irin maganarsu da sunayen da suka raɗa wa wurare. Mahaɗar ruwa ta Hawkesbury kusa da Coventry, har yau 'yan ruwa Sutton Stop suke ce mata, da sunan iyalin wani mai gadin ƙofar ruwa da ya yi zamani a can a ƙarni na sha tara. Mutanen tudu kaɗan ne suka sami shiga cikinsu, kuma a cikin kaɗan ɗin akwai masu mashaya, waɗanda suke jin hirarsu idan aiki ya lafa, suka san wane ɗan wane ne.

A Stoke Bruerne an yi wata baiwar Allah da ita ma ta sami wannan shiga, wato Sister Mary Ward. A gidansu na bakin ruwa ta yi shekaru tana jinyar matuƙa da matansu da 'ya'yansu, tana karɓar haihuwa, tana ɗaure rauni, da fari ma ba tare da albashi ba. A 1951 aka ba ta lambar yabo ta British Empire Medal, ta rasu a 1972. Labarinta ya tsira saboda an yi hira da ita tana da rai, an rubuta. Haka ma gidan tarihin da kuke riƙe da shi. An buɗe shi a 1963 a cikin tsohon injin niƙan hatsi, kuma harsashinsa kayayyakin da Jack James, tsohon matuƙi da ya zama mai gadin ƙofar ruwa a ƙauyen, ya riƙa tarawa ne, tare da injiniya Charles Hadlow. A lokacin da mutane ke zubar da fentattun butocin ruwa da fitilu da igiyoyi a matsayin tarkace, shi ya ga darajarsu. Da ya jira shekara goma, da yawansu sun shiga bola.

Wancan lokaci shi ne ƙarshen dako a ruwa. An buɗe babbar hanyar mota ta M1 a 1959, kuma ta bi ta kusa da ƙauyen, manyan motoci suka kwashe abin da jirgin ƙasa ya rage. Sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa har jirage suka yi makonni a tsaye wuri guda, abokan ciniki suka koma kan titi ba su dawo ba. A 1963 British Waterways ta janye daga yawancin dakon da take yi da siraran jirage. Ƙananan kamfanoni suka lallaɓa har 1970, lokacin da aka daina kai kwal daga Atherstone zuwa wata masana'antar abinci a Southall. Iyalan da suka yi zuriya huɗu ko biyar a kan ruwa suka watse cikin gidajen gwamnati a Braunston da Coventry da sauran garuruwa.

Gidan da cinikinsa ya dogara ga matuƙa ya ga abokan cinikinsa sun ƙare cikin shekara goma da wani abu. Mashayun bakin ruwa da yawa a nan suka rufe, wasu suka zama gidajen kwana, wasu suka ruguje. Boat Inn ya juya ga sababbin baƙi. Ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946 ta daɗe tana faɗan kada a cike hanyoyin ruwa, dokar sufuri ta 1968 kuma ta amince a kula da wasunsu don masu yawon shaƙatawa. Masu hutu suka maye gurbin masu dako, gidan ya ƙara wurin cin abinci, ya sa jirgin da ke zagayawa da baƙi zuwa bakin kogon. Sai kuma aka rufe kogon na wajen shekara huɗu don gyara, ba a buɗe ba sai 1984, jirgin da ya fito daga kudu ya iso ƙauyen ba shi da hanyar wucewa. Yadda iyali ɗaya suka ratsa duk wannan, wace shawara suka yanke a kowace gaɓa, wa ya ce a sayar wa ya ce a'a, me mata suka ɗauka a wuyansu a shekarun yaƙi, wannan ilimi ne da babu shi a littafin lissafin kowane kamfani. Kuma ya shafe ku kai tsaye, tunda tarihin yadda hanyar ruwa ta tashi daga dako ta koma shaƙatawa shi ne tarihin yadda aka yi hukumarku ta samu.

Ban ce Boat Inn yana cikin wani haɗari ba, kuma ina yi wa masu shi fatan ɗorewa. Amma yanayin sana'ar a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura 60,000, yanzu ba su kai 50,000 ba. Tsadar wuta da haraji da kullen annobar korona na 2020 sun durƙusar da da yawa, wasu kuma 'ya'ya ne suka ga ba za su iya da wahalar ba suka kama wata sana'a. Kowa ya ga abin da ya sami Crooked House a Himley, gidan giyan nan da ya karkace saboda haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa. An sayar da shi a 2023, wuta ta cinye shi ranar 5 ga Agusta, bayan kwana biyu aka rushe abin da ya saura. A watan Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar South Staffordshire ta ba da umarnin a sake gina shi. Ko da an mayar da kowane bulo inda yake, hotuna da takardu da hirar tsofaffi ba umarnin hukuma ke dawo da su ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aikin da nake roƙo ba ya bukatar injiniya ko siminti. Kuna da dubban 'yan sa-kai, kuma na'urar naɗar murya tana cikin wayar kowa. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya da ya san aikin tattara tarihin baka ya tsara shi, ya koya wa 'yan sa-kai yadda ake tambaya da yadda ake yin shiru a saurara. A je wa iyalin da girmamawa, a nemi izininsu, domin labarin nasu ne, su ke da ikon cewa wannan a faɗa wannan a bari. Kada a nemi raba su da takardunsu da hotunansu. A ɗauki kwafi a mayar musu da abinsu. Sannan a haɗa abin da suka faɗa da rajistar lasisi da takardun ƙidaya, musamman na 1921 da aka buɗe wa jama'a a 2022, da rajistar jirage ta dokar 1877, don a ga inda baki da takarda suka yi daidai da inda suka saɓa.

Kuma kada a tsaya ga masu gidan kaɗai. Waɗanda aka haifa a ɗakin jirgi a shekarun 1940 da 1950 yanzu sun kai saba'in da tamanin. Da yawansu da 'ya'yansu suna haɗuwa a taron tsofaffin jirage da ake yi a Braunston kowane watan Yuni. A tambaye su yadda suka ga gidan daga nasu ɓangaren. Ina kuma roƙon kada a yi wa labarin kwalliya. Giya ta ci kuɗin abincin wasu iyalai, an yi dambe a bakin ƙofofin ruwa kan wa zai riga wucewa, yara sun faɗa ruwa sun halaka, mutanen ƙauye sun hana 'ya'yansu wasa da 'ya'yan matuƙa. Idan aka nuna fentin furanni da ganuwoyin sarakuna da suke yi wa jiragensu ado da shi aka ɓoye wannan, an zalunce su karo na biyu.

Daga Stoke Bruerne sai a faɗaɗa. A hanyar Shropshire Union akwai gidan Anchor na High Offley, wanda shi ma iyali ɗaya suka riƙe sama da shekara ɗari. Ma'aikatanku da ke bin bakin ruwa kullum sun fi kowa sanin sauran.

Akwai wani amfani da zai biyo baya wanda ya shafe mu baƙi. Hanyoyinku sun ratsa tsakiyar Birmingham da Leicester da Blackburn da yammacin Landan, unguwannin da 'yan Afirka da 'yan Asiya suka fi yawa. Yaranmu suna bin turbar da dawakai suka bi zuwa makaranta ba tare da sanin wa ya taka ta kafin su ba. Da yawanmu ba za mu shiga mashaya ba, don haka labarin da ya tsaya a bangon mashaya ba zai iso gare mu ba. Idan kuka kawo shi cikin gidan tarihi da shafinku na intanet, da muryoyin mutanen da kansu, yaron da iyayensa suka zo daga Kano ko Damagaram ko Kumasi zai ji labarin mutanen da ba su da adireshi, waɗanda ake kallo a matsayin bare a ƙasar haihuwarsu, da gidan da ya buɗe musu ƙofa. Zai gane shi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2027 iyalin Woodward za su cika shekara 150 a Boat Inn, dokar jiragen zama ta farko ita ma za ta cika 150, kuma a shekarar ce ragin tallafinku zai fara aiki. Ina roƙon ku sa wannan aiki cikin kasafin da kuke shiryawa yanzu, a fara naɗar muryoyi kafin lokacin. Idan kun buɗe shi kuna neman masu zama su saurari abin da aka naɗa su mayar da shi rubutu, ku sa ni cikin 'yan sa-kai.

Na gode da sauraro. Allah Ya taimake ku a kan wannan amana.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Northampton